Gawar da ke ci gaba da gini: yadda kwalbar ziniya ta tona asirin liginin

Bututun da ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye ba shi da rai. Ƙwayar halittar da za ta zama wannan bututu takan fara da kaurara bangonta, sannan ta kashe kanta da kanta, ta narkar da duk abin da ke cikinta, ta bar fanko wanda ruwa zai bi. Wannan tsohon labari ne a wurin masu ilimin tsirrai. Abin da ya daɗe yana ɗaure musu kai shi ne bangon gawar yakan ci gaba da tauri bayan mutuwar. Sinadarin da ke taurara shi, wato liginin, yana ƙaruwa alhali wadda ake zaton ita ke ƙera shi ta riga ta tafi. To wa ke kawo kayan gini, kuma wa ke ɗora su?

Amsar ba daga daji ta fito ba. Ta fito ne daga ƙananan kwalabe da ake renon ƙwayoyin ganyen wata fulawa mai suna ziniya a cikinsu, kuma sai da aka kwashe shekara talatin da 'yan kai ana juya waɗannan kwalabe kafin maganar ta zauna.

Abin da ake nema

Sunan liginin daga kalmar Latin ta itace aka samo shi, kuma sunan ya dace, domin shi ne ke mai da kara mai laushi ya zama itace. Idan aka busar da itace aka auna, liginin yakan kai tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa, bishiyoyin dangin fayin su ne ke ɗan fi yawa. Tun a 1838 Anselme Payen na Faransa ya ware selulos, wato sinadarin da ke yin zaren bangon ƙwayoyin tsiro, daga itace, ya lura akwai wani abu dabam da ya lulluɓe zaren selulos ɗin kamar siminti a jikin rodi. Wannan simintin ke hana bututun ruwa lotsewa. Ganye na jan ruwa sama da ƙarfi, kamar mai zuƙar abin sha da tsinke, kuma duk bututun da bangonsa bai yi tauri ba sai ya manne.

Tubalan liginin uku ne manya, ana ce musu monoliginol: kumaril, koniferil da sinafil. Dukansu daga wani sinadari mai suna feniilalanin suke tasowa, a bi da shi ta hannun jerin enzayim, wato sinadaran da ke saurin juya wani sinadari ya zama wani, PAL a farko, sai C4H, can kusa da ƙarshe kuma CCR da CAD. A cikin ƙwaya mai rai ake yin wannan aiki, domin yana cin makamashi. Amma haɗa tubalan ba a ciki ake yinsa ba. Sai an fitar da su zuwa bango, inda wasu enzayim iri biyu, lakas da feroksidas, ke zare wa kowane tubali ƙwayar lantarki (elektiron) ɗaya, ya zama mai neman abin da zai kama, ya manne da ɗan'uwansa. Lakas na aiki da iskar oksijin, feroksidas kuwa sai da haidirojin feroksaid. Karl Freudenberg na Jami'ar Heidelberg a Jamus ya nuna tun tsakiyar ƙarni na 20 cewa idan aka zuba koniferil da irin waɗannan enzayim a kwalba, ba tare da wata ƙwaya mai rai ba, ana samun wani abu mai kama da liginin. Daga nan ma mai hankali zai iya hango cewa matakin ƙarshe ba lallai ya buƙaci rai ba. Amma hange dabam, hujja dabam.

Matsalar ita ce itace ba ya bari a leƙa shi yana aiki. Ƙwayoyin da ke zama bututu suna can binne a tsakiyar kara, kewaye da wasu ƙwayoyi iri-iri, kowace a matakinta na girma: wannan ta fara kauri, waccan ta mutu jiya, ta gefenta kuma za ta rayu shekaru. In ka niƙa karan ka auna, ka cakuɗa kowa da kowa. In ka yanka shi siriri ka duba a madubin ƙara girma, hoton lokaci ɗaya kawai ka samu, ba ka ga abin da ya gabata ba, ba ka ga mai zuwa ba. Tun shekarun 1960 wasu suka yi zargin cewa ƙwayoyi masu rai da ke maƙwabtaka da bututun suna taimaka masa, sai dai babu hanyar raba mai taimako da wanda ake taimaka wa.

Fulawar da ganyenta ke wargajewa

Zinnia elegans fulawar ado ce, asalinta daga Meksiko. Ba don kyanta masu bincike suka so ta ba. Ganyenta na da wata ɗabi'a: ƙwayoyin tsakiyarsa ba su manne da juna sosai ba, don haka ana iya raba su ɗaya-ɗaya da hannu, ba sai an sa enzayim mai narkar da bango ba. A 1975 Kohlenbach da Schmidt a Jamus suka ba da rahoton cewa waɗannan ƙwayoyi na iya rikiɗewa su zama ƙwayoyin bututu a cikin ruwan reno. A 1980 Hiroo Fukuda da Atsushi Komamine a Jami'ar Tokyo suka gyara hanyar har ta zama abin dogaro, wadda kowa zai iya maimaitawa.

Ga yadda aikin yake. Ana shuka iri, a jira kamar mako biyu, a tsinke ganyen gaskiya na farko. A wanke su da ruwan bilic mai rauni don kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauraye da ruwa mai tsabta. Sai a sa su a ɗan turmin ɗakin gwaji tare da ruwan reno, a murza da taɓarya a hankali. Nan ne gwaninta take: in an danna da ƙarfi ƙwayoyin sun fashe, in an yi sako-sako ba za su saki ba. Ruwan sai ya koma kore shar. A tace shi da ƙyallen nailan mai ƙananan huda don cire tarkacen jijiya da fatar ganye, a wanke, a ƙirga yawan ƙwayoyin, a rarraba su a kwalabe. A cikin ruwan akwai sukari da gishirin ma'adinai da homon biyu, wato sinadaran da ke sarrafa girman tsiro, oksin da saitokinin. Idan babu ɗaya daga cikin biyun, babu bututu. Daga nan sai a ajiye kwalaben a duhu, a zafin da ya kai wajen digiri 27, a kan wata na'ura da ke juya su sannu a hankali.

Ranar farko da ta biyu babu wani abin kallo. Ƙwayoyin na nan da siffarsu ta ganye, dogaye kaɗan, cike da koren ɗigo. Wajen kwana na uku ne ake ganin abin mamaki: wasu daga cikinsu sun yi zane a bango, zobe-zobe, ko murɗaɗɗen layi kamar igiyar da aka naɗa, ko raga. Wannan shi ne bango na biyu, na selulos. Bayan 'yan sa'o'i babbar jakar ruwan da ke tsakiyar ƙwayar sai ta fashe, ta saki enzayim masu narkarwa. Ɗaliban Fukuda sun ɗauki wannan a madubi kai tsaye, suka ga jigidar gado (DNA) da ke cibiyar ƙwayar tana narkewa cikin minti 10 zuwa 20 da fashewar. Abin da ya rage shi ne kwanso mai zane. In aka ɗiga masa fulorogulusinol da ruwan asid, wanda shi ne tsohon gwajin liginin, zanen sai ya yi ja.

Fukuda da Komamine sun kuma nuna cewa ƙwayar ganye na iya yin wannan rikiɗa ba tare da ta rabu gida biyu ba. Ita ɗin da ta kasance mai sarrafa hasken rana, ita ce ta zama bututu.

Sai dai akwai wani abu da ke damun duk mai aiki da wannan tsari. Ba duka ƙwayoyin ke rikiɗewa ba. A farkon aikin kusan kashi 30 cikin 100 ne, daga baya aka yi ta gyare-gyare har ya kai rabi ko fiye. Sauran suna nan da ransu, ba su yi zane ba, ba su mutu ba. Shekaru da dama ana kallon su a matsayin cikas, masu gurɓata awo, kuma burin kowa shi ne ya rage yawansu. Ashe amsar na hannunsu.

Gwajin canjin ruwa

A 2001 wata tawaga a Japan, da Hosokawa a kan gaba a rahoton, ta yi wani gwaji wanda sauƙinsa ne ya sa ya yi kyau. Sun fara da lura cewa idan ƙwayoyi sun yi yawa a kwalba, bututun sun fi samun liginin, idan kuma an tsinka su liginin ya ragu. Da a ce kowace ƙwaya ita kaɗai ke yi wa kanta komai, da cunkoso ko rashinsa bai dame ta ba. Sai suka ɗauki mataki na gaba: suka riƙa canja ruwan renon ba ƙaƙƙautawa, ta yadda duk abin da wata ƙwaya ta zubar a ruwan za a kwashe shi kafin ya isa wurin wata. Liginin ya ja baya. Da suka zuba koniferil a cikin sabon ruwan da ake canjawa da shi, sai liginin ya farfaɗo.

Suka kuma auna abin da ke cikin ruwan kansa, suka tarar da koniferil da sinafil da wani ɗan'uwan koniferil suna yawo a ciki. Yadda yawan koniferil ke hawa da sauka ya fi komai ba da labari. Ya kai ƙololuwa daidai lokacin da bango ya fara kauri, ya faɗi da sauri yayin da kaurin ke gudana, sannan ya sake hawa. Faɗuwar na nufin bangon na shanye shi. Sake hawan kuwa, bayan ƙwayoyin bututu sun mutu, na nufin akwai mai ci gaba da zubo shi, kuma masu rai da suka rage a kwalbar su ne waɗancan da ake kallo a matsayin cikas. Bayan 'yan shekaru aka gano cewa ba tubali ɗaya-ɗaya kawai ke yawo a ruwan ba, har da waɗanda suka riga suka haɗu biyu-biyu, kuma bango na karɓar su.

Wannan ya warware rabin tambayar, wato ta tubali. Saura haidirojin feroksaid, wanda shi ma ƙwaya mai rai ce ke samar da shi. A 2005 Alfonso Ros Barceló na Jami'ar Murcia a Sifen ya duba karan ziniya, ya nuna cewa ƙwayoyi masu rai da ke jingine da bututu, waɗanda ake kira farenkima, su ne ke fitar da shi zuwa inda ake buƙata.

Raba mutuwa da tauri

Aikin da ya fi kusa da rufe maganar ya fito a 2013 daga Umeå a arewacin Siwidin, daga Edouard Pesquet da Hannele Tuominen da abokan aikinsu. Dabararsu ita ce su tsinke abubuwa biyu da kullum ke tafiya tare, mutuwar ƙwaya da shigar liginin, su ga ko ɗaya zai tsaya ba ɗaya.

Da farko suka hana mutuwa. Suka yi amfani da wani gishirin azurfa da ke toshe saƙon iskar etilin a cikin tsiro, saƙon da ƙwayar ke buƙata kafin ta mutu. Ƙwayoyin suka yi zanensu na selulos, amma ba su mutu ba, liginin kuma bai shiga ba. Sannan suka juya gwajin. Suka sa asid ɗin fiferonil, wanda ke tsayar da enzayim C4H, wato ya datse hanyar ƙera tubali tun daga sama. A wannan karo ƙwayoyin suka yi zane, suka mutu a kan lokaci, suka bar kwanso fari fat marar liginin. Yanzu ga abin da ba a taɓa samu a cikin itace ba: gawar bututu wadda ba ta da ko ɗigon liginin. Da aka ba waɗannan gawawwaki tubali daga waje, sai bangonsu ya karɓa, ya yi liginin.

A nan ne ya kamata mai karatu ya dakata ya kalli abin da kyau. Kwanson ba shi da cibiya, ba shi da makamashi, ba shi da komai da za a kira rai. Amma kafin ƙwayar ta mutu ta riga ta dasa enzayim ɗinta a cikin bango, kuma waɗannan enzayim ba su san uwar ɗakinsu ta mutu ba. Muddin tubali na isowa, aiki na tafiya. Ƙwayar ta yi abin da mai barin wasiyya ke yi: ta shirya wurin, ta ajiye ma'aikata, ta bar wa maƙwabta kawo kaya.

Tawagar ta kuma bincika wace ƙwaya ce ke kunna umarnin gado, wato sassan DNA masu ba da umarnin ƙera enzayim, na CCR da CAD, enzayim biyun ƙarshe a hanyar tubali. Suka same su a kunne ba a ƙwayoyin bututu kaɗai ba, har da waɗanda ba su rikiɗe ba, waɗanda su kansu bangonsu ba ya ɗauke da liginin. Ƙwayar da ke ƙera tubalin da ba ta amfani da shi, ai wani take yi wa. Ba su tsaya a kwalba ba, suka koma kan tsiron ziniya cikakke, suka bi bututu daga saman kara zuwa ƙasa da na'urar da ke karanta sinadari da hasken infrared, suka ga liginin na ƙaruwa a bututun da suka daɗe da mutuwa.

Wata tambaya na biye da wannan. In tubali na yawo a ko'ina cikin ruwa, me ya sa liginin ke zama a kan zoben kawai, ba ya shafar siririn bangon da ke tsakanin zobe da zobe, ba ya kuma kama maƙwabtan da ke ƙera shi? A 2014 ɗakin binciken Lacey Samuels a Jami'ar British Columbia ta Kanada ya nuna a Arabidopsis, wani ƙaramin tsiro da masu bincike ke yawan gwaji da shi, cewa lakas guda biyu, LAC4 da LAC17, a cikin zoben bango na biyu suke zaune, ba a wani wuri ba. Inda enzayim yake, nan liginin ke taruwa. Tubali bai san hanya ba, yana dai yawo har ya faɗa hannun mai kama shi.

Inda kwalba ta yi ƙarin gishiri

Da a nan aka tsaya, da an ce liginin na bututu duk bayan mutuwa yake shiga. A ganina gwajin gishirin azurfa shi ne mafi rauni a cikin jerin, domin azurfa ba ta san iyakarta ba. Tana iya taɓa wasu enzayim ban da hanyar etilin, don haka rashin liginin a ƙwayar da ba ta mutu ba bai isa ya tabbatar da cewa mutuwa sharaɗi ce ba. Gwajin fiferonil ya nuna gawa na iya karɓar liginin. Bai nuna cewa mai rai ba ya iyawa ba.

A cikin wannan shekara ta 2013 ɗin dai, Rebecca Smith da Samuels suka fito da nasu sakamakon daga Arabidopsis, tsiro cikakke ba kwalba ba. Sun ba saiwa feniilalanin mai alamar radiyeshin da za a iya bin sawunta, suka daskarar da ita farat ɗaya don kada komai ya motsa daga wurinsa, suka duba. Alamar ta bayyana a bangon ƙwayoyin bututu tun suna da rai. Ke nan liginin na fara shiga kafin mutuwa, ya ci gaba bayanta. Sannan suka yi wani gwaji da ziniya ba za ta iya ba: suka kashe umarnin gado na CCR1 a cikin ƙwayoyin da ke gina bango na biyu kaɗai, suka bar shi a kunne a maƙwabta. A cikin jijiyar ruwa, liginin ya shiga duk da haka, maƙwabta sun cike giɓin. Amma zaruruwan da ke tsakanin jijiya da jijiya, waɗanda ke ba kara ƙarfin tsayuwa, liginin ɗinsu ya zube ƙwarai. Su ba su da mai kawo musu, da kansu suke yi wa kansu.

Wato a kara ɗaya akwai tsari biyu. Wannan kuwa kwalbar ziniya ba za ta taɓa nuna shi ba, domin ba ta yin irin waɗancan zaruruwa. Haka nan a kwalba kowa na iyo a ruwa ɗaya, tubalin da ƙwaya ta zubar na iya kaiwa ga kowace gawa komai nisanta. A cikin kara kuwa sai wanda bangonka ya taɓa nasa, ko na kusa da shi. Kwalba ta faɗi gaskiya game da abin da zai iya faruwa, amma ta zuzuta yawansa, kuma sauƙin da ya sa ta yi amfani shi ne dai ya sa ta zuzuta.

Akwai wani reno da ya tunkari maganar ta wata fuska, ya kuma cancanci a ambace shi ko da a taƙaice. A Jami'ar Helsinki ta Finlan, Liisa Simola da abokan aikinta sun samar da wani layin ƙwayoyin bishiyar sifurus ta Norwe wanda, idan aka mai da shi cikin ruwan reno, yake zubar da liginin a cikin ruwan kansa, har ruwan ya yi gari-gari ana iya tace shi. Amfanin wannan babba ne, domin ciro liginin daga itace sai da niƙa mai tsanani ko sinadari mai ƙarfi, kuma duka biyun suna canja shi. Anna Kärkönen da tawagarta sun yi shekaru a kan wannan layi. A 2017 suka ba da rahoton cewa idan aka sa fotasiyam ayodaid, wanda ke share haidirojin feroksaid daga ruwan, liginin ba ya haɗuwa, sai tubalai masu haɗin biyu-biyu da wasu sinadarai 'yan'uwansu su taru. A wannan bishiya ke nan feroksidas na da babban hannu. Amma shi ma wannan liginin na ruwa ba a cikin bango ya ginu ba, babu zaren selulos da sauran sukarin bango da za su tsara masa hanya, don haka kamanninsa da na itace kusa ne, ba daidai ba.

Abin da ziniya ta bari

Ziniya na da wahalar sha'ani. Ba a ajiye ƙwayoyinta a yi ta amfani da su, kowane gwaji sai an sake shuka, an sake jira mako biyu, an sake murza ganye, kuma ganyen da ya sha zafi ko ya tsufa kaɗan sai ya ƙi ba da kai. Sauya mata umarnin gado ma ba abu ne mai sauƙi ba. Shi ya sa da yawan masu bincike suka koma Arabidopsis. Sai dai da guzurin ziniya suka tafi. A 2002 Taku Demura da Fukuda da sauransu suka jera dubban umarnin gado da ake kunnawa da kashewa a kowane mataki na rikiɗar ƙwayar ziniya. Wannan jeri ya taimaka wajen gano VND6 da VND7 a 2005, makunnai biyu da idan aka tayar da su a ƙwayar da ba ta da alaƙa da jijiya sai ta fara zama bututu. Da VND7 ɗin ne aka yi aikin lakas na 2014 da aka ambata a sama. A New Zealand kuma Armin Wagner da abokan aikinsa sun yi amfani da renon ƙwayoyin fayin da ke zama bututu don gwada sauya liginin cikin 'yan watanni, maimakon jiran bishiya ta girma, har a 2015 suka sa ƙwayoyin fayin ƙera liginin mai tubalin sinafil, wanda fayin ba ya yi a ɗabi'arsa.

Wannan duka ba don sha'awar sani kawai ake yi ba. Masana'antar takarda na kashe makamashi da sinadari masu yawa wajen raba liginin da selulos. Masu son mai da kara da ciyawa su zama man fetur na tsiro, liginin ne ke tare musu hanya zuwa sukarin da ke ciki. Dabbar da ke cin ciyawa ma, gwargwadon liginin ɗin ciyawar gwargwadon abin da zai wuce ta cikinta ba a narke ba. Don haka an daɗe ana ƙoƙarin rage shi a tsiro. Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne tsiron ya tsumbure, domin bututunsa sun lotse, ruwa ba ya hawa.

Sanin cewa bututu da zare ba hanya ɗaya suke samun liginin ba, da kuma cewa tubali na ƙetarawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya, shi ya ba da wata dabara. A 2018 Barbara De Meester da Wout Boerjan a Ghent ta Beljiyam suka ɗauki Arabidopsis wanda CCR1 ɗinsa ya lalace, tsumburarre mai lotsattsun bututu, suka mayar masa da umarnin gadon a ƙwayoyin bututu kaɗai. Bututun suka miƙe, tsiron ya yi girma. Da suka duba zaruruwan da ke cikin jijiyar ruwa, jingine da bututun, sai suka tarar su ma sun samu liginin, duk da cewa ba a mayar musu da komai ba. A nan tubalin daga bututu ya fita zuwa maƙwabta, akasin hanyar da aka gani a kwalbar ziniya. Zaruruwan da ke nesa, tsakanin jijiya da jijiya, sun ci gaba da zama da ƙarancin liginin, kuma da aka sa karan a gwajin narkarwa, sukarin da ya saki ya zarce na tsiron da ba a taɓa ba nesa ba kusa ba.